Kwikwiyon da ubansa karen kiwo ne uwarsa kokar, zai iya zaman Damagaram kuwa?

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, ka ce wani abokin aikinka da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar maka kwikwiyo namiji ɗan wata 4, a cikin karne ɗinsa, wato littafin rigakafinsa, an rubuta uban ƙaramin barje ostiraliyan ne uwar kuma kokar sifaniyel, kana son sanin girman da zai yi, ko zai yi gadi, me za a ba shi ya ci, ko zai jure zafin garin nan, sannan ga shi ya fara bin yara yana kama musu diddige har uwargida ta fara cewa a fitar da shi. To ni aikina kenan duba dabbobi, galibi shanu da tumaki da awaki, amma karnuka ma ana kawo mana, kuma irin wannan mai gashi da dogon kunne yanzu ana ƙara ganinsu a gidajen ma'aikata.

Kafin komai akwai abu guda da nake son ka riƙe tun yau, don shi ne ya fi saurin kashe irin wannan kare a wajenmu, ya ma riga zafi. Kada ka yarda kowa ya yi mashi allurar nan ta kaska da tsutsa da ake yi wa tumaki, wadda a jikin kwalbarta za ka ga an rubuta Ivermectine. Kowa a nan ya san ta, makiyaya sun yarda da ita kuma da gaskiyarsu don tana aiki a kan bisashe, har ta kai mai maganin kasuwa in ya ga kare da kaska ko ƙazuwa ita yake fara zuƙowa. Amma dangin uban karenka suna da wani lahani na gado, masana suna ce mashi MDR1, a 2001 aka gano shi a wata jami'a ta jihar Washinton a Amurka, kuma kusan rabin karnukan wannan jinsi suna ɗauke da shi. Yadda abin yake, tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge da ke koro wasu magunguna waje kada su shiga, to kare mai wannan lahani shingen nasa ba ya aiki sosai, sai maganin ya taru a ƙwaƙwalwa. Ita kwalbar bisashe ƙarfinta miligiram 10 ne a kowane mililita 1, kuma mililita 1 ɗin nan na dabba mai kilo 50 ne. Ka ga in aka ɗirka wa kare mai kilo 10 mililita 1 an ba shi ninki 5 na abin da ake ba tunkiya a kan kowane kilo, wannan ko karen da ba shi da lahanin zai iya jin jiki balle shi.

Na taɓa ganin haka da idona ana gab da layya. An kira wani ya yi wa raguna allura a gida, da ya gama sai aka ce ga kare nan ma yana susa, ragowar da ke cikin sirinji aka yi mashi. Da dare ya fara dalalar yawu, da safe da aka kawo shi ba ya iya tsayuwa, yana layi yana karo da bango, baƙin idonsa ya buɗe ɓaƙau ko haske ka haska ba ya tsukewa, jikinsa na karkarwa, yaran gidan sun biyo shi suna kuka. Babu wani magani da ke karya wannan guba, sai dai ƙarin ruwa da juya shi daga wannan gefe zuwa wancan da ɗura mashi abinci a hankali har jiki ya fitar da ita da kansa, wani ya tashi bayan kwanaki wani ba ya tashi. Gaskiya ne tunda naka ruwa biyu ne, in ma ya gada to mai yiwuwa ta wajen uba kaɗai ya gada, kuma mai gado ta gefe guda abin ya fi zo mashi da sauƙi, amma gwajin da ke tabbatarwa sai a ƙasashen waje ake aika yawun kumatu, don haka ka ɗauka kawai yana da shi. Ka sa a rubuta da jan biro a bangon karne, ka faɗa wa uwargida da mai gadi da yaron da ke kula da tumaki. In an yi wa bisashen gida wannan magani kada a bar shi ya ci kashinsu na ƴan kwanaki, musamman na doki. Maganin tsayar da zawo na mutane mai suna Lopéramide shi ma yana cikin waɗanda ke yi wa irinsu illa. Farasitamol da ibufurofen kuwa wannan ko wane kare ne kada a ba shi.

To yanzu wane irin kare ne a hannunka. Ka sani wannan ba jinsi ba ne tsayayye, haɗi ne, ciki ɗaya za a haifi wani ya ɗebo uwa wani ya ɗebo uba, don haka babu mai ce maka ga daidai yadda zai zama. Amma iyayen an san su. Uban duk da sunan Ostiraliya da ke kansa a garkunan yammacin Amurka aka samar da jinsin don kora tumaki da shanu, ƙaramin samfurinsa kuma a 2015 ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, tsayinsa a kafaɗa santimita 33 zuwa 46, nauyi kilo 9 zuwa 18. Uwar kuma karen farautar tsuntsaye ce ta Ingila, aikinta ta kutsa cikin ƙaya da ciyawa da hanci a ƙasa ta tayar da tsuntsu, in an harbo ta ɗauko a baki ta kawo ba tare da ta tauna ba, nauyinta wajen kilo 13 zuwa 15. Naka dai ka sa ran kilo 10 zuwa 18, tsayinsa bai wuce gwiwarka ba, zai gama tsawo wajen shekara 1, kuma in Allah ya ba shi lafiya aka kula da shi irinsu suna kai shekara 12 zuwa 15. Ka ga ba alƙawarin damina ɗaya ka ɗauka ba.

Batun gadi kuwa kada ka sa rai da yawa. Zai yi haushi in an taɓa ƙofa, wannan kam zai yi har ya ishe ka, kunnensa da hancinsa ba sa barci. Amma ya tare ɓarawo ya kama, ba halinsa ba ne kuma ba shi da jikin. In ya ɗebo uba zai ɗan ja baya da baƙo, in ya ɗebo uwa duk wanda ya shigo abokinsa ne. Mutanenmu in suka ga kare bai da zafi sai su ce a ɗaure shi a turke a hana shi ganin mutane a ba shi barkono ya yi faɗa, don Allah kada ka bi wannan shawara, abin da za ka samu kare ne matsoraci mai cizo don tsoro, kuma wanda zai fara ciza ɗanka ne ba ɓarawo ba.

Kama diddigen yara da ka ce yana yi ba mugunta ba ce, jinin uban ne. Haka suke kora garke, su zagaya ta baya su ɗan kama ƙafar dabbar da ta fita layi. Yara suna gudu suna ihu a tsakar gida, shi a ganinsa garke ne ya watse. Ga kuma ƙaiƙayin haƙori, don daga wata 4 zuwa 6 ne suke famfara. Abin yi shi ne ka koya wa yaran da zarar ya kama su tsaya cak su daina ihu su juya mashi baya, wasa ya mutu kenan, sai a miƙa mashi wani abu da ya halatta ya tauna, tsohuwar igiya mai kauri da aka ƙulla ko guntun busasshiyar fata. In ya ƙi bari a kai shi wani waje shi kaɗai na minti 2 a dawo da shi. Kowa a gidan ya yi iri ɗaya, in wannan ya hana wancan yana dariya yana ƙara gudu ba za a gama ba. Duka kuwa ba ya yi musu, jinin kokar zuciyarsu taushi gare ta, tsawa mai ƙarfi ma sai ka ga ya kwanta ya saki fitsari. Da ɗan guntun nama da bai wuce ƙwayar wake ba za ka koya mashi zo, zauna, bari, tsaya, minti 5 sau biyu ko uku a rana ya isa, kuma da Hausa za ka koya mashi ba sai da Faransanci ba. Za ka yi mamakin saurin ganewarsa. Wannan kaifin kan shi ne kuma matsalarsa, in ba shi da abin yi zai nemo wa kansa, ya tona gindin bishiya, ya yage tabarma, ya cinye takalmin baƙo.

Kaji da zabbi da tantabaru ka yi hattara, uwa mai tsuntsu uba mai kora, an haɗu. Tun yanzu da yake ƙarami ka riƙa zama da shi da igiya a wuya kusa da su, in ya dube su ya kau da kai ka ba shi lada, in ya zabura ka ce bari ka janye shi. Wanda ya taɓa kashe kaza ya ji daɗin abin da wuya ya daina, kuma rigimar maƙwabta daga nan take farawa. Haka babur da amalanke, yana iya bin su da gudu, don haka a titi kullum da igiya.

Sai zafi, wanda shi ne babbar tambayarka. Dubi karnukanmu na gida, ko dogayen nan na Azawak da ke wajen Buzaye, gashi gajere manne da fata, ƙafa dogaye, jiki ba kitse, ƙasar ce ta yi su. Naka gashi biyu gare shi, na sama dogo da na ƙasa mai laushi cunkus, kamar mutum ne ya lulluɓa da bargo a watan Afrilu. Kuma kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara lalacewa. Mu kuma a Afrilu da Mayu iskar kanta tana wuce 40, ka ga tazarar da ta rage mashi kaɗan ce. Zai iya zama, na ga waɗanda suka zauna lafiya shekaru, amma sai an tsara mashi rana. Daga hantsi zuwa bayan la'asar ba fita ba wasa ba guje-guje. Wurin kwanciyarsa ya zama inuwa ta gaske mai iska, ƙarƙashin bedi ko rumfar zana, ko zaure na ƙasa, ba ɗan akurkin kwano ba, wannan akurkin kwano da ake ƙera wa karnuka a ajiye a rana ya kashe da yawa. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin ya kwanta a kan damshi. Ruwan sha a kasko na ƙasa ya fi na roba ko ƙarfe don ya fi riƙe sanyi, a ajiye biyu ko ɗaya ya kife, kare mai kilo 12 yana shan kusan lita 1 a rana, a bazara ya fi haka nesa. Na san wahalar ruwa a garin nan, wata unguwar sai an jira ƴan garuwa, amma nasa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko da minti 5 ne. Kafin ku fita ka ɗora bayan hannunka a kan yashi ko kwalta, in ba ka iya jurewa shi ma tafinsa zai ƙone.

Alamar zafi ya kama shi, haki ba tsayawa, harshe ya fito dogo ya yi ja wur ko ya fara duhu, yawu mai kauri yana igiya, ya fara tangaɗi, amai ko zawo, sai faɗuwa. Kada ka tsaya neman mota tukuna, sanyaya shi za ka fara a nan take. Ka kai shi inuwa ka riƙa kwara mashi ruwan randa a ciki da hammata da matsematsi da wuya har ruwan ya ratsa gashi ya taɓa fata, wani yana yi mashi fifita ko a kunna fanka, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane don zanen yana riƙe zafi, in yana iya sha a ba shi kaɗan kaɗan, in ba ya iyawa kada a ɗura. Sannan a kawo shi ko da ka ga ya miƙe, don illar ƙoda sai daga baya take fitowa.

Mutane da yawa za su ce ka aske shi tal. Ni ban ba da wannan shawara ba. Gashin sama yana tare rana, in aka kwashe shi fata ta fito fili ta ƙone, balle in yana da farin gashi da jan hanci, kuma wani in an aske gashin ba ya dawowa daidai. Abin da ke riƙe zafi shi ne mataccen gashin ƙasa da ya cukurkuɗe, shi za ka riƙa fitarwa da mashaci mai dogon haƙori sau 3 a sati, farkon bazara kullum ma, za ka ga yana fita dunƙule dunƙule. Na ciki da na matsematsi da na tsakanin yatsu a rage da almakashi ba laifi. Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da sabulu mara ƙarfi, ba omo ba.

Kunne, nan ne gadon uwa yake. Kunnen kokar dogo ne mai nauyi ya rufe ramin, ramin kuma a lanƙwashe yake, iska ba ta shiga, damshi ya zauna, sai ƙwayoyin cuta su samu wuri. Kowane sati ka ɗaga ka duba ka shinshina. Lafiyayyen kunne ciki fes yake ba wari. In ka ji ɗoyi, ko ka ga baƙin datti mai maiƙo, ko yana kaɗa kai yana susa yana karkata kai gefe guda, to akwai ciwo. Kada a zuba man ja ko kananzir ko ruwan gishiri, kada a zura tsinke da auduga, iyakar inda yatsanka ya kai da tsumma mai tsabta nan za ka goge, sauran na likita ne don sai an leƙa an tabbata fatar dodon kunnen ba ta fashe ba kafin a ɗiga magani. In aka bar shi yana ta kaɗa kai jijiya tana fashewa a cikin fatar kunnen ya kumbura ya cika da jini, sai an tsaga.

Ga kuma ƙarangiya. Daga ƙarshen damina har cikin kaka duk inda ya bi a bayan gari zai kwaso ta, ta maƙale a gashin kunne da hammata da tsakanin yatsu, in ba a cire ba gashin ya nannaɗe ta ya zama curi, ƙayar tana ci gaba da sukar fata a ƙasa har ya ruɓa ƙuda ya bi. Yadda nake yi, in shafa ɗan man gyaɗa a kan curin in bar shi ya jiƙa, in riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ya ji ja, in riƙa warware shi daga baki da mashaci a hankali, wanda ya ƙi sai in zura mashacin tsakanin fata da curin in yanke ta samansa, don fatar kunne siririya ce almakashi na iya tafiya da ita ba ka sani ba. Duk dawowa daga yawo a duba ƙafafu huɗun nan.

Kaska ita ma gashin yana ɓoye ta. Irin wadda ke kan karnuka a nan jar nan ce da ke hawa bango ta shige tsaga ta yi ƙwai, shi ya sa za ka wanke kare tas bayan sati ka ga ta dawo, a ginin take ba a jikinsa kawai ba. A liƙe tsagogin wurin kwanansa, a share, a riƙa shanya shimfiɗarsa. Ba shan jinin ne kawai ba, tana sa cutar da ke cinye jini, ka ga kare ya yi laushi ya bar abinci, dasashi ya yi fari, wani har haɓo, wani fitsari ya yi ja. Wannan tana da magani amma na sati 4 ne cur, mutane suna bari a sati ɗaya da sun ga ya warware sai ta dawo. Na kariya akwai na feshi da na ɗigawa a ƙeya mai sinadarin Fipronil, akwai ƙwayoyi na taunawa da aka yi don karnuka, a nema a farmasin dabbobi a ba shi daidai kilonsa. Fiya-fiya da baƙin mai da maganin feshin gona duk kada su kusance shi, ta fata suke shiga.

Abinci. In kana da halin kuroket mai kyau, busasshen abincin kare na kanti, shi ya fi sauƙi, a ajiye a rufe a inuwa don zafi yana ɓata man da ke ciki. In babu, na gida ma yana yi in an haɗa daidai. Inda ake kuskure shi ne a ba shi tuwo da ƙanzo zalla a ce ai kare ne, kwikwiyo mai girma ba zai gina ƙashi da tsoka da hatsi kaɗai ba. A raba kwanon, wajen rabi ya zama nama ko kifi ko dafaffen ƙwai ko kayan ciki, sauran shinkafa ko tuwon hatsi ko na masara mai laushi, da ɗan kabewa ko karas dafaffe. Hanta kaɗan sau ɗaya ko biyu a sati. Don ƙashi a wanke ɓawon ƙwai a shanya a daka ya yi gari, rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na abinci. A ɗebe nasa kafin a sa miya, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya, kuma miyarmu ba ta rabuwa da su, haka kilishi da tsire saboda yaji da gishiri. Goro, shayi, kafe, cakulan, inabi da zabibi duk guba ne a wajensa, goron nan musamman a gidan da tsofaffi suke a kula da inda ake ajiye shi. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa ya huda hanji. Yanzu sau 3 a rana, daga wata 6 sau 2, da sassafe da bayan magariba don a zafi ba sa son ci. Jinin kokar akwai kwaɗayi, zai zauna gabanka ya kafa maka idanun nan, in kuka biye mashi zai yi ƙiba, kare mai ƙiba kuma a Damagaram shi zafi ke fara kayarwa. Ka shafa gefensa, ya kamata ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ba tare da ka danna ba.

Ranar layya ko duk ranar da aka yi yanka, huhu ko hantar da aka ga ƙullutu mai ruwa a ciki kada a jefa wa kare, a binne da zurfi ko a ƙona. In ya ci tsutsar tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya manne a gashi, yaro ya shafa ya ci abinci, bayan shekaru a ga jakar ruwa a hantar mutum sai an yi tiyata. Shi ya sa kayan ciki a dafa kafin a ba shi, a ba shi maganin tsutsa na karnuka kowane wata har ya kai wata 6 daga nan kowane wata 3, wanda ke da Praziquantel a ciki, a kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi. Kwanonsa daban, wurinsa daban da inda ake sallah da inda ake girki, wannan zai kwantar wa uwargida da hankali, hukuncin ajiye shi kuma wannan fagen malamai ne ka tambaye su.

Rigakafi ba a wasa da shi. Na haukar kare daga wata 3 ake yi, naka ya isa, sannan a sabunta duk shekara. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan cuta a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun fito babu magani. In kare ya ciji mutum, naka ne ko na titi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti ranar, kada a tsaya ɗaura gashin karen a kan ciwo, karen kuma a tsare shi a sa ido kwana 10 zuwa 15 ba a kashe shi nan take ba. Ɗayan rigakafin shi ne haɗin nan na zawon jini mai kashe ƴan kwikwiyo da cutar da ake kira Carré da Faransanci mai kama ƙirji da jijiya, ana farawa a sati 6 zuwa 8 a maimaita har sati 16. Duba karne ka ga ko an liƙa takardar kwalba da kwanan wata da hatimi. Kuma a inda ake da firigo mai aiki za a yi, maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda ya kwana cikin jaka a zafin nan ruwa ne kawai.

Ba ka faɗi launinsa ba. In gashinsa dabbare-dabbare ne toka da baƙi, ko ido ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa, wannan daga uba ne, ba makanta ba ce ba kuma wani abin tsoro ba, yana gani sarai. Sai dai irin masu wannan launi ba a haɗa biyu su haihu, kusan ɗaya cikin huɗu na ƴaƴan suna zuwa farare kurame ko makafi. Duka jinsunan biyu suna da gadon ciwon ido, yanar ido da wani da ke farawa da dundumi, in ka ga da magariba yana tuntuɓe a kawo shi. A hunturu ƙura tana sa idonsu kwantsa, a goge da tafasasshen ruwa da ya huce. Farfaɗiya ma tana cikin dangin uban, in ta taɓa kama shi kada a sa hannu a bakinsa, a kawar da abin da zai buge, in da hali a ɗauki bidiyo da waya a nuna mana. Fiɗiya kuma a bari ya kusa shekara, tana rage tsallake katanga bin karya, a nan ne suke haɗuwa da cizo da mota da guba.

Yawo yana buƙatar wajen awa 1 a rana in ya girma, rabi bayan sallar asuba rabi bayan magariba, yanzu da yake ƙarami minti 15 zuwa 20 ya isa. Ka bar shi ya shinshina, ka jefa mashi ƙwallo ya ɗauko, ka ɓoye guntun nama a tsakar gida yara su ce nemo, wannan yana gajiyar da shi fiye da gudu kuma ba ya sa shi zafi. Amma har sai an gama allurarsa da sati 2 kada ya taka inda karnukan titi ke kashi. Ranar da za ka kawo shi ma ka zo da sassafe, a cikin kwali mai huji ko a hannu, kada a sauke shi a ƙasan asibitin, kuma in ya yi kashi da safen ka ɗebo kaɗan a leda mu duba tsutsa.